Kada Ki Kira Ni Daga Faransa

Greensboro, ranar Laraba bayan La'asar

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mijinki, da fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya a duk lokacin da kika buɗe ta. Allah ya tsare ku a sama, ya tsare ku a ƙasa, ya sauke ku a hannun mutanen kirki.

Na san za ki yi mamakin ganin ambulan a cikin akwatinki, tsakanin sallaya da gyale, in kin zo ƙarasa shirya kaya. Za ki ce shekara ashirin da biyar muna gida ɗaya da matar nan, me ya hana ta faɗa da baki? Ai kin san halina. In na buɗe baki da niyyar nasiha, faɗa ne yake fitowa, ke kuma ki mayar mini da Turanci, mu tashi ba wanda ya ji wani. Takarda ba a katse ta. Na san Hausarki ta karatu tana ɗingishi, don haka ki bi ta a hankali, inda kika maƙale ki koma baya. Amma kada ki miƙa wa mijinki ya karanta miki, akwai asirin uwarki a ciki.

Ranar Litinin ina kicin ina soya albasa, ku kuna falo kun tasa kwamfuta a gaba kuna tsara tafiyarku. Kwana biyar a bakin teku a garin Nis na Faransa, kwana uku a wani ƙauye a kan duwatsun da ke bayansa. Sai na ji kin sassauta murya kin juya harshe, don kin ɗauka Turancina na wurin aiki ne kawai. Kika ce masa a soke kwanakin dutsen, wai kin karanta cewa waya ba ta kamawa sosai a can, ga Mama ita kaɗai a gida, ga hawan jininta, in wani abu ya faru fa? Na tsaya da cokali a hannu ina jiran amsarsa. Sai ya ce, "To."

Ummi, albasata ta ƙone a ranar. Na san wannan "to" ɗin. Shekara ashirin da bakwai na zauna da mai irinta. Ba "to" ta yarda ba ce, "to" ce ta mutum mai haƙuri da ya naɗe abin da yake so ya mayar aljihu, don kada a ce ya shiga tsakanin mace da jininta. Mai irin wannan "to" ba ya faɗa, ba ya gori, kuma ba ya sake tambaya. Saboda ita na zauna rubuta miki wannan takarda, domin ni ma an taɓa kai ni garin nan da za ku je, na kuma ɓata tafiyar da hannuna.

Kina da shekara shida a lokacin. Abin da kika sani shi ne mun je Faransa mun kawo miki 'yar tsana. Ga abin da ba ki sani ba.

Babanki, Allah ya ji ƙansa, tun yana ɗan makaranta a Maraɗi wani malaminsu Bafaranshe ya faɗa musu cewa a garinsu mutum yana iya tsayawa ƙafarsa cikin ruwan teku, ya ɗaga kai ya hango ƙanƙara a kan dutse. Yaron da bai taɓa ganin teku ba, bai taɓa ganin ƙanƙara ba, sai maganar ta zauna masa. Ya ce a ransa ko dai Bature ya shara musu ƙarya, ko kuwa akwai abin gani. Ya girma da ita, ya yi aure da ita, ya zo ƙasar nan da ita, ya yi shekaru yana buga ƙusa a kamfanin kujeru da ita. Shekarar da takardunmu na zaman ƙasa suka fito, ya shigo gida da tikiti biyu ya ajiye mini a kan cinya. Ya ce tunda aka ɗaura mana aure ba mu taɓa yin mako guda daga ni sai shi ba, wannan karon namu ne. Ya riga ya yi magana da Anti Saratu, maƙwabciyarmu ta lokacin, kafin su koma McLeansville da ke nan bayan gari, ta ce a kawo ki, ai ɗa na kowa ne.

Ni kuwa abin da ya fara zuwa mini shi ne me mutane za su ce. Mace ta bar 'yarta tilo a gidan wasu ta tafi yawon buɗe ido? Na amince da baki, amma tun daga filin jirgi zuciyata ta ƙi shiga jirgin.

Kuskurena na farko, na ɗauki gida na tafi da shi. Akwati guda na cika da shinkafa, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, har da 'yar tukunyar lantarki. Babanki ya ɗaga akwatin ya ce, "Hajiya, hutu za mu ko ƙaura?" Na ce ban san abin da mutanen nan suke zubawa a abinci ba. Ɗakin da ya kama mana yana da taga da ake hango teku daga cikinta, amma cikin kwana biyu na mayar da shi kicin, labule har warin daddawa yake. Ya yi ta lallashina mu fita mu ci kifi, ya ce kifi dai ba a yanka shi balle ki tambayi wanda ya yanka. Na ƙi. Rannan ya dawo da wani abu a takarda, wata waina mai faɗi ta garin wake da suke gasawa a tanda su barbaɗa masoro. Ya ce in ɗanɗana, ƙosai ne da mota ta taka. Na gutsura don in rabu da shi, sai na ji abin da daɗi. Amma da yake na riga na ɗaure fuska, na ce ba laifi, na ture masa. Ya cinye shi kaɗai a bakin taga.

Don haka ki ci abincin mutane, Ummi. Kin san abin da addini ya hana, ki tambaya, ki kauce masa, sauran kuwa halal ne mai yawa. Ki tuna Allah da kansa ya sauwaƙe wa matafiyi, ya ce raka'a huɗu a yi biyu. Ubangiji ya rage mini kaya, ni na ƙara wa kaina. Yajin da na ga kin cusa a gefen akwati na bar miki shi, wannan kam ba a tafiya babu shi.

Kuskurena na biyu abin dariya ne, ko da yake a ranar ban yi dariya ba. Na shiga wani shagon burodi na nuna da yatsa na faɗi adadin da nake so, yadda muke yi a kantunan Gate City Boulevard, kowa na sauri, ba mai kallon wani. Matar shagon ta dube ni ta kau da kai, ta sallami wanda ya zo bayana. Na fito raina a ɓace na ce wa babanki matar nan ba ta son baƙar fata. Ya tambaye ni ko na gaishe ta. Na ce wace gaisuwa, ba ciniki na zo ba? Ya kama hannuna muka koma, ya ce mata, "Bonjur, madam." Sai ga matar nan ta saki fuska, har da tambayarsa daga ina muke. A hanya ya yi ta tsokanata, wai yau ya ga abin mamaki, Bahaushiya 'yar Zariya, wadda a gidansu ake gaisuwa har gwiwa ta yi sanyi, ita ce Bature yake koya wa sallama. Ban ce ko'ina za a karɓe ki hannu biyu ba, akwai masu mugun hali a can kamar ko'ina. Amma ki fara gaisuwa kafin ki yanke hukunci. Duk shagon da kika shiga, duk motar da kika hau, ki gaida mutane da kalmarsu, ko da ita kaɗai kika iya. Ƙasar nan ta cinye mana gaisuwa ba mu sani ba.

Ki kuma bar takalman bikin nan masu tsini a gida. Bakin tekunsu ba yashi ba ne, duwatsu ne sumul-sumul kamar ƙwan agwagwa. Sau ɗaya na sauka wurin, da takalmin zuwa suna, na yi taku biyar na gurɗe. Babanki ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa yana kirana, ni ina zaune a kan benci na rungume jaka, ina kallon agogo.

Agogon nan shi ne babban laifina, kuma shi ne dalilin takardar nan.

A lokacin ba irin wayoyin yanzu. Kati ake saya, a shiga wani ɗan akurkin gilashi a bakin titi a buga. Tsakanin can da nan akwai awa shida. In ƙarfe ɗaya na rana ta yi a Nis, bakwai na safe ke nan a Greensboro, lokacin da Anti Saratu take shirya ki zuwa makaranta. Na mayar da wannan ƙarfe ɗayan kamar salla ta shida. Duk inda muke, da sha biyu da rabi ta yi sai in fara jan hannun rigarsa. Mun bar kasuwar furanni a tsakiya, mun sauka daga jirgin ruwa tun bai tashi ba, duk don in tambaya ko kin ci abinci, ko an shafa miki mai, ko an sa miki rigar sanyi. Kullum amsar Anti Saratu ɗaya ce: "Maman Ummi, yarinyar nan lafiyarta ƙalau, ki je ki ji daɗin mijinki." Sai in ji haushinta, in ce a raina ai ba ita ta haife ki ba.

Ana saura kwana biyu mu dawo, ya shigo da murna ya ce ya samo mana tikitin wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke hawa cikin duwatsu. Teku ya gani, ya taɓa. Saura ƙanƙarar, kuma an ce masa daga wani ƙauye a can sama ana ganinta ƙiri-ƙiri ko da bazara. Jirgin yana tashi da safe, ya dawo da yamma. Na yi lissafi nan take, na ga ƙarfe ɗaya za ta same ni a kan dutse, inda ban san ko akwai akurkin waya ba. Ga shi a kiran da na yi na ƙarshe na ji kamar kina ɗan tari.

Na ce masa ya je kawai, ni na gaji, hutu na zo ba hawan dutse ba. Ya ce kwana ɗaya ne, Hajiya, yarinya ba za ta narke ba. Ya ce shekara talatin yana jiran ranar nan, kuma bai taɓa hango kansa shi kaɗai a wurin ba. Ban taɓa jin ya roƙe ni abu irin haka ba, amma na ce, "Ka je ka gano mana hanya. Ni sai wani jiƙon."

Ya dube ni, ya dubi tikitin, ya ce, "To."

Ya tafi da safe da 'yar jakarsa da kyamara. Ni na zauna a ɗaki ina gadin agogo. Ƙarfe ɗaya saura na sauka, na tsaya a bakin akurkin kamar mai jiran rabon gado. Anti Saratu ta ɗauka ta kira ki. Ina jin muryarki daga nesa kina cewa da Turanci kina kallon katun a talabijin, a ce wa Mama kina lafiya. Da ƙyar aka jawo ki, kika ce kin ci abinci, ba kya tari, sai an jima, kika ajiye kan wayar kika ruga. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Na tsaya riƙe da wayar tana ƙugi a kunnena. Na fito na ɗaga kai, ga duwatsun can a bayan gari, shuɗi-shuɗi, mijina yana cikinsu. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yinin ba, a garin da ban iya harshensa ba, kuma ni na zaɓa wa kaina. Ba laifinki ba ne ko kaɗan, kin yi abin da yaro mai ƙoshin lafiya yake yi.

Ya dawo gab da Magariba, hannuwansa sanyi ƙalau. Bai yi mini gori ba. Ya ce Bature bai yi ƙarya ba, ya ga ƙanƙara. Ya ba ni labarin ramukan da jirgi yake shiga cikin dutse ya fito, da gidajen da aka liƙa a jikin tsauni, da wani marmaro a tsakiyar ƙauyen da ya yi alwala da ruwansa haƙoransa suka kama rawa. Ya ce ya roƙi wani tsoho ya ɗauke shi hoto, tsohon ya ga zobe a hannunsa ya tambaye shi ina madam. Na ce me ka ce masa? Ya ce, "Na ce tana hutawa."

Hoton nan kin san shi, shi ne na bangon falo. Kin taɓa tambayata me ya sa Baba ya tsaya a gefe guda, rabin hoton ba kowa sai dutse. Na ce miki mai ɗaukar ne bai iya ba. Ƙarya na yi miki. Duk hotunanmu ki duba, a hagu yake tsayawa ya bar mini dama. Ƙafarsa ce ta saba.

Wani jiƙon kuwa bai zo ba. Muka ce sai kin gama firamare, muka ce sai kin gama sakandare, sannan jami'a. Gaskiya ni ce nake faɗin haka, in hira ta biyo ta wurin. Shi bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, kuma na ɗauki shirunsa a matsayin ya manta. Sai da ya kwanta jinyar nan ta wata biyar, rannan ina shafa masa mai a ƙafa, ya ce da ma na ga ruwan marmaron nan. Iyakar abin da ya ce ke nan. Da masu ta'aziyya suka cika gidan nan suna cewa Malam ya huta, kalmar ta riƙa sukata, don na tuna inda na taɓa fakewa da ita. An ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Shekara huɗu ke nan ina juyawa ban ga tawa ba, nauyinta kawai nake ji.

Yanzu bari in zo kanki. Tunda babanki ya rasu kika mayar da ni 'yarki. Kira da safe, kira da rana daga wurin aiki, ki dawo ki ƙirga mini ƙwayoyin magani. Allah ya yi miki albarka, ban taɓa raina wannan ba. Ni ma na saki jiki na jingina, har na manta cewa bangon da nake jingina da shi amarya ce. Da na ji kina soke dutsen mijinki saboda ni, sai na ga akurkin gilashin nan ya biyo ni har falona, wannan karon ke ce a ciki, ni ce a ɗaya gefen.

Ba zan ɓoye miki ba, gidan nan ya yi mini girma tun kafin ki tafi. Ɗaki biyu ne, amma jiya da kuka fita sayayya na ji ƙarar firji kamar injin niƙa. Na auna shinkafa gwangwani biyu bisa sabo, na mayar da ɗaya. Tsohuwar da nake aikin kula da ita a Summerfield, 'ya'yanta ranar Lahadi suke kiranta, tun ranar Juma'a take sa in ajiye mata waya a kan cinya. Da ina yi mata dariya a zuci, yanzu na daina. Na san in kun dawo ma ba nan za ki sauka ba, garin mijinki za ki wuce, tafiyar awa bakwai a mota. Ina tsoron wannan, Ummi, ina tsoronsa ƙwarai. Amma tsorona nawa ne, ba kayan lefenki ba ne da za ki tafi da shi gidan miji.

Hawan jinina yana nan inda likita ya ajiye shi. Maganina na jera a kan tebur. Anti Saratu ta ce za ta riƙa biyowa in ta taso daga coci, ranar Asabar kuma ta ɗauke ni mu je gonarta in taya ta tsinkar yakuwa. Matar da ta riƙe ki kina shekara shida ba za ta kasa riƙe uwarki kwana takwas ba. Lambarta tana wurin mijinki, tasa kuma tana wurinta. In wani abu ya faru na gaske, ita za ta neme ku, kuma in ba ta neme ku ba, to lafiya ce.

Ga abin da nake so, kuma umarni ne, ba shawara ba. Ki je ki ce wa mijinki a mayar da kwanakin dutsen. Kada ki ce ni na sa ki, ki ce ke kike so, kuma ki yi ƙoƙari ki so ɗin. Ki ɗauki rigar sanyi, can sama ba ruwansu da bazara. Nan gaba duk ranar da ya ce miki "to" kika ji ta fito da sauƙi fiye da kima, kada ki wuce, ki zauna ki sake tambayarsa. Mutum mai haƙuri ba ya rasa abin da yake so, faɗinsa ne ba ya yi.

Sannan waya. In kun sauka ki turo saƙo ɗaya, kalma biyu ta isa. In kun sauko daga dutse ki turo wani. Tsakanin wannan da wancan kada ki kira ni. Na san ki, taurin kan nan a wurina kika ɗauko, za ki gwada. To ki sani ba zan ɗauka ba. Kada hankalinki ya tashi ki ce Mama ta faɗi a banɗaki ko ta manta wayar a mota. Ina nan zaune a kujerar babanki, wayar tana kan cinyata, ina kallon sunanki yana haske, na zauna a kan hannuwana don kada in ɗauka. Ki mayar da taki jaka ki koma wurin mijinki.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Allah ya kare ku daga sharrin hanya, da na ruwa, da na tudu. Ya sa albarka a aurenku, ya ba ku tsawon rai tare, ya sa ku gaji da ganin juna kafin ya raba ku. Ya ji ƙan babanki, ya yafe mini abin da na rage masa. Ni kuma ki taya ni da addu'a guda, Allah ya ba ni ƙarfin da zan bar wayar nan ta yi ta ƙara har ta gaji.

Wassalam,
Mamanki